Abin Da Ya Ɗora Mu A Kan Keke, Da Abin Da Ya Riƙe Mu

'Yan'uwa da yawa sukan tambaye mu, waɗansu a bakin majami'a, waɗansu a kasuwa, su ce, "Shin babur ɗinku lalacewa ya yi, ko kuwa sayarwa kuka yi?" Babur yana nan lafiya lau a cikin zaure. Keke muke hawa, mu biyu, miji da mata, tun daminar 2023, ba mu kuwa da niyyar sauka. Da yake tambayar ta yi yawa, ga shi kuma ba a iya ba da cikakkiyar amsa a tsaye a bakin hanya, sai muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta dalilanmu, ko Allah ya sa su amfani wani gida.

Tun da fari bari mu faɗi wani abu da muka lura da shi. Dalilin da yakan sa mutum ya fara abu dabam ne, dalilin da yakan sa ya ci gaba da shi kuma dabam. Haka yake ga aure, haka yake ga zuwa sujada, haka kuma muka iske shi ga hawan keke. Tsadar mai ce ta ɗora mu a kan sirdi. Amma da tsada ce kaɗai, da tuni mun sauka, gama ɗan adam yakan saba da kowace irin tsada, ko da bashi ne ya ci ya sayi abin da ransa yake so.

Dokin ƙarfen iyayenmu

Keke ba baƙo ba ne a gidajen masu bi. Tsofaffinmu suna ce masa basukur, waɗansu kuma dokin ƙarfe. Irin wanda muka sani yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, wani mutumin Ingila ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a 1885. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya ga ƙaramin ɗansa yana shan jijjiga a kan kekensa, sai ya yi masa taya wadda ake hura wa iska. Watau tausayin uba ga ɗansa ne ya ba mu tayar da muke morewa. Sa'ad da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko a 1893 da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, wannan irin keke shekararsa takwas kawai a duniya.

Mahaifin maigida mai bishara ne a ƙauyukan ƙasar Zazzau. Kekensa Raleigh ne baƙi, mai birkin ƙarfe, da ƙararrawa, da fitilar da take kamawa in taya tana juyawa. Daga Ingila ake kawo irinsa, daga baya har aka kafa masana'antar harhaɗa shi a Kano. A kan kariyar wannan keke Baba yakan ɗaure Littafi Mai Tsarki, da littafin waƙoƙi, da alli na koyar da manya karatu, da ɗan ƙunshin magani. Kowace shekara yakan je ofishin En'e ya biya lasin keke. A zamanin Sabon Rai Don Kowa, cikin shekarun 1960, yakan fita ran Jumma'a, sai ran Litinin a gan shi, ƙura har cikin gira. A kan wannan kariya aka goya Inna zuwa asibiti sa'ad da za ta haifi maigida. A lokacin nan wanda yake da keke a ƙauye babban mutum ne. Shi ake aike in wani ya rasu, shi ake tasa da dare in ciwo ya yi tsanani.

Abin da ya rage wa keke daraja shi ne kuɗin man fetur da ya shigo ƙasa. A 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji, a shekarar kuma aka buɗe masana'antar motocin Peugeot a Kaduna. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya sa ido ga mota. Sannu a hankali keke ya zama abin hawan yara da na wanda bai samu ba. Mu ma cikin wannan tunani muka girma. Da Baba ya rasu, aka rataye kekensa a ɗakin ajiya, ya yi shekara goma sha tara yana shan ƙura tare da tsofaffin garemani.

Lissafin da muka yi

Ran 29 ga watan Mayu 2023 aka ba da sanarwa cewa an janye tallafin man fetur. Kafin mako ya kewayo, litar da farashinta bai kai naira 200 ba ta haye naira 500. A watan Oktoba 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa.

Maigida malamin makaranta ne, tsakanin gidanmu da makarantar kilomita 7. Uwargida ɗinki take yi, takan shiga kasuwar Sabon Gari sayen yadi da zare. Ban da wannan, akwai wata ƙaramar ekklisiya a wani ƙauye, kilomita 12 daga gidanmu, wadda ba ta da fasto. Mutanenta ba su fi talatin ba, yawancinsu tsofaffi ne da gwauraye, gama samari sun tafi birni neman aiki. An danƙa wa maigida ya riƙa zuwa kowane mako biyu yana bi da sujada, uwargida kuma tana zama da Zumuntar Mata. Tsohon babur ɗinmu yakan sha lita 5 a mako. Dā kuɗin bai kai naira 1,000 ba. A 2023 ya koma wajen naira 2,750 a mako, watau naira 11,000 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar yake naira 30,000.

Wata rana da dare, bayan addu'ar iyali, muka ɗauko takarda muka jera dukan tafiye-tafiyenmu, muna neman wadda za a yanke. Makaranta ba ta yankuwa, gama daga nan abinci yake fitowa. Kasuwa ma haka. Da muka kai ƙarshen takardar, sai muka ga tafiya ɗaya ce tak ba ta kawo ko kwabo, ita ce ta ƙauye. Muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan. A kowane gida, in kuɗi ya ƙaranta, tafiyar da ba ta kawo riba ita ake fara sokewa: gaisuwar mara lafiya, ta'aziyya, ziyarar tsofaffi. Ba mugunta ce take sa haka ba. Mutum yakan ce sai wata mai zuwa, wata ya zo ya wuce, har a wayi gari zumunci ya mutu ba wanda ya san ranar da ya mutu. Hausawa kuwa sun ce zumunta a ƙafa take.

Uwargida ce ta fara magana, ta ce, "Maigida, da me Baba ya yi ta zuwa ƙauyukan nan?"

Kashegari muka sauko da keken, muka tura shi wurin mai gyara a gindin darbejiya. Dattijon ya shafa ƙarfen da hannu, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Malam, wannan ya binne mai shi, zai binne ni, zai kuwa binne ka." Ya sa sababbin tayoyi, da robar birki, da boris, ya wanke sarƙa da kananzir ya shafa mata mai. Dukan abin da muka biya bai kai kuɗin man wata biyu ba. Guntun gatarinka, in ji masu magana, ya fi sari ka ba ni.

Uwargida ta koyi hawa

Da fari goyo muke yi, kamar yadda Baba yake goya Inna. Amma kilomita 12 a kan burji da mutum biyu ba wasa ba ne ga mai shekara hamsin da biyar. In an zo tudu sai mu sauka mu tura. Bayan wata biyu uwargida ta ce ita ma za ta koya. Ta tara kuɗin ɗinkin Kirsimeti, muka sayo mata na gwanjo, irin na mata wanda ba shi da sanda a tsakiya, mai murfin sarƙa domin kada ta kama bakin zane.

Shekararta arba'in da bakwai a lokacin, ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba sai ta keken ɗinki. Autarmu ce ta zama malamarta. Kowace safiya, kafin gari ya waye sosai, sukan tafi filin ƙwallon makarantar unguwa, yarinyar tana riƙe da kariya tana gudu a baya, tana cewa, "Mama, kada ki dubi taya, ki dubi gabanki!" Ta faɗi ya fi a ƙirga, gwiwa ta kuje, zane ɗaya ya yage. A rana ta goma sha ɗaya yarinyar ta saki kariya ba ta faɗa ba, uwar ta kewaye filin ita kaɗai, sai da ta juyo ta hangi malamarta can nesa tana tafi. Duk wanda aka ce masa ya tsufa da koyon abu, to, ga shaidarmu.

Bakin mutane

In aka tambaye mu abin da ya fi wuya cikin hawan keke, ba za mu ce tudu ba, ba kuwa za mu ce rana ba. Bakin mutane ne. Maigida ya ji ana cewa a bayansa, "Dattijo ya karye." Wani abokin aiki ya ja shi gefe, cikin ƙauna, ya ce in rance yake bukata kada ya ji kunyar faɗa. Wata 'yar'uwar uwargida ta zo har gida ta ce, "Yaya, mace mai 'ya'ya biyar a kan keke? Ki tuna fa kina da 'yan mata da za a zo nema." Mata a kasuwa kuma suka sami abin dariya, wai ta bar keken zaune ta koma na gudu.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na ɗanmu, mai shekara goma sha shida. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu, ya ce, "Baba, don Allah in za ka wuce, kada ka bi ta ƙofar makarantarmu." Abokansa ne suke yi masa ba'a. Ba mu tsauta masa ba, gama mun san zafin ba'a a wannan shekaru. Muka zaunar da shi, muka ɗauko takardar lissafin nan, muka kuma ɗauko gwangwanin da muke jefa kuɗin mai a ciki kowace Asabar, kamar dai mun je gidan mai. Muka ce ya ƙirga. Da ya gama, uwar ta ce masa, "Kuɗin jarrabawarka ta fita ke nan a hannunka." Ya yi shiru. Maigida ya ci gaba da bin wata hanya dabam saboda shi, har ran da yaron da kansa ya ce a ba shi aron keken kakansa ya je makaranta.

Wannan kunya ba ko'ina take ba. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, tsohon firayim ministansu Mark Rutte kuwa, lokacin da yake kan mulki, a kan keke yakan je ofis, a kan keke kuma ya bar ofis sa'ad da ya sauka a 2024. Ba sai mun je Turai ba ma. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, mata suna hawan keke da goyo a baya da kaya a kariya, ba mai waiwayarsu. A nan ƙasarmu marigayi Ojo Maduekwe, sa'ad da yake ministan sufuri, ya yi ta kira a koma ga keke, shi kansa yana hawa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Mutane suka yi ta yi masa dariya, balle da wata bas ta ture shi cikin rami a 2001. Bayan shekara ashirin da biyu, da yawa cikin masu dariyar suka shiga neman keke.

Mu masu bi kuwa muna da abin tunawa da ya fi waɗannan duka. Ran da Ubangijinmu ya shiga Urushalima jama'a suna yi masa maraba, a kan ɗan jaki ya shiga, jakin ma na aro. In Mai Ceto bai auna darajarsa da abin hawa ba, don me za mu bar 'ya'yanmu su tashi suna auna darajar iyayensu da shi? Muna roƙon 'yan'uwa su yi lura da irin maganar da ake yi a harabar majami'a bayan an tashi sujada, wajen da ake jera motoci. Yara suna ji, suna kuwa koyo.

Lafiya uwar jiki

Dalili na biyu bai shiga lissafinmu na fari ba. Maigida yana da hawan jini tun 2019, yana shan magani kullum. Likita ya sha gaya masa ya riƙa motsa jiki, amma malamin da ya yini a tsaye a gaban allo, ya dawo ya zauna gyaran littattafan yara, yaushe zai sami lokacin zagaya fili? Keke ya warware wannan ba tare da an ware masa lokaci ba. Zuwa makaranta minti talatin, dawowa minti talatin, kwana biyar a mako, minti 300 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin wanda zuciya take ɗan ƙara bugawa amma mutum yana iya magana.

Makonni uku na fari cinyoyi suka yi tsami, zama a kan benci ma sai da dabara. Bayan wannan jiki ya saba. Tumbi ya ragu har uwargida ta rage masa wanduna biyu. Barci ya zo da sauƙi. Awon jininsa ya sauko, likita ya yi murna, amma ya ja masa kunne cewa keke ba ya maye gurbin magani, har yau kuwa yana sha. Muna faɗin wannan da nauyi, domin kada wani ya karanta ya ajiye ƙwayoyinsa. Mai ciwon zuciya, ko mai jin jiri, ko mai ciwon suga, ya fara ganin likita tukuna kafin ya ɗauki doguwar hanya.

Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 4, ya sa ibada sama da horon jiki, amma bai ce horon jiki banza ba ne. Jikin nan amana ne. In ya kwanta, ba mai zuwa gona, ba mai zuwa bishara, kuɗin da aka tara kuma asibiti ne zai cinye.

Hatsarin hanya

Ba za mu ɓoye wa kowa ba, hanyoyinmu ba a yi su domin mai keke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙafa ne, da masu keke, da masu babur.

Cikin hunturun 2024 maigida yana dawowa daga makaranta, yana gefensa na dama, sai wata tirela ta zo wucewa ta matse shi. Iskarta ta jefa shi cikin lambatu. Direban bai tsaya ba, watakila ma bai gan shi ba. Allah ya kiyaye, ba karaya, amma hannu ya ɗaye daga gwiwa zuwa wuyan hannu, ƙafar keken ta gaba kuma ta lanƙwashe. A daren nan uwargida tana wanke ciwon da ruwan gishiri tana hawaye, ta ce, "Gara mu ci bashi mu sayi mai da in zama gwauruwa." Maganarta gaskiya ce, ba a kuwa amsa irinta da gaggawa. Muka yi mako biyu ba wanda ya taɓa keke. Muka yi addu'a, muka yi shawara da 'ya'yanmu manya.

Abin da muka tsayar shi ne za mu ci gaba, amma da dokoki, muka rubuta su muka manna a bayan ƙofa. Ba ma bin babban titin da manyan motoci suke bi in akwai wata hanya, ko da ta fi nisa. Hanyar makaranta ta ƙaru da kilomita 1 saboda wannan, mun kuwa yarda. Muna sa hular kwano, ko da za a yi dariya. Kowane keke yana da fitila gaba da baya, da ƙararrawa mai ƙara. Muna tafiya hannun dama tare da motoci, kamar yadda doka take tun 1972, ba ma fuskantarsu. Muna miƙa hannu kafin mu juya. Ran Asabar da yamma akan duba birki da iskar taya, a ɗiga wa sarƙa mai, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A jaka kullum akwai famfo, da faci, da sholisho, da gorar ruwa.

Akwai kuma dokar da zamani ya kawo. Kowa ya san halin da hanyoyin ƙauye suke ciki game da masu satar mutane. Kafin mu tashi mukan buga waya mu ji labarin hanya. In aka ce mu dakata, mukan dakata. Rana ba ta faɗuwa muna daji. In tafiyar dare ta kama, ko ta kai mara lafiya asibiti, ko ruwa ya ɓata hanya a tsakiyar damina, babur muke ɗauka, ba ma jayayya. Keke bawa ne mai amfani, amma yana da iyaka.

Abin da ya riƙe mu

To, me ya sa bayan tirela da hawaye muka koma kan sirdi? Ga amsar, iyakar yadda muka iya faɗinta.

Shekara tara muna bin hanyar ƙauyen nan a kan babur. Minti ashirin da biyar mun isa. Mun san kowane rami da kowane kwalbati, amma ba mu san mutum ko ɗaya a bakin hanyar ba. Mai babur yakan ɗaga hannu ya wuce, ƙara ba ta barinsa ya ji amsa. A kan keke tafiyar awa ɗaya ce. In ka ce wa manomi, "Sannu da aiki," za ka ji ya ce, "Yauwa, sannu da hanya," har ka sami zarafin tambayarsa ya ruwa. Tsayawa kuma ba ta da wuya, ƙafa kawai za ka sauke.

Akwai wani dattijo Musulmi mai gonar rake a bakin fadama, a tsakiyar hanyar. Wata Lahadi ƙaya ta fasa mana taya daidai gonarsa. Ya kawo mana ruwa a kwano domin mu nemi inda iska take fita, ya zauna yana ba mu labarin keken da ya taɓa yi yana saurayi. Tun daga ranar ba ma wucewa sai mun gaisa, shi kuma ba ya barinmu mu tafi sai da karan rake a kariya. Sa'ad da matarsa ta kwanta ciwo, uwargida ya aika a kira, ita ta raka ta asibiti ta kwana biyu a wurinta. Sa'ad da aka yi wata 'yar fitina a yankin, shi ne ya buga mana waya tun da asuba ya ce, "Malam, yau ku zauna gida." Shekara tara muna wuce wannan maƙwabci da gudu.

Cikin misalin da Yesu ya bayar a Luka sura 10, mutum uku ne suka ga wanda 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko, ɗaya ne ya tsaya. Mun daɗe muna karanta wannan misali a kan taurin zuciya, haka yake kuwa. Amma yanzu mun ga wani gefensa. A zamaninmu mutum yana iya kasancewa da zuciya mai taushi, duk da haka ya wuce, domin gudun da yake yi bai bar shi ya gani ba.

A ƙauyen ma abin ya sake. Dā in an tashi sujada mukan yi sallama mu hau babur. Yanzu dole mu huta kafin mu juyo, hutun nan kuwa a gidajen tsofaffi muke yinsa. A nan muka gane wata gwauruwa ta yi wata uku idonta ba ya ganin rubutu, tana dai riƙe littafin waƙoƙi a sujada domin kada a sani. Aka kai ta aka duba, yanar ido ce, aka yi mata aiki, yau tana karatu. Takan ce wa maigida, "Ɗana, in na ji ƙararrawar nan sai in ga kamar mahaifinka ne ya dawo." Ta san Baba, a hannunsa ta koyi karatu.

Sa'an nan akwai mu biyu. Shekara ashirin da takwas da aure, yawancin maganarmu a gida ta zama ta kuɗin makaranta da cefane. A kan babur ba a hira, ɗaya yana kallon bayan ɗaya. Amma a hanyar burji da sassafe, inda ba mota, mukan jera kafaɗa da kafaɗa. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, ba waya, ba yara, ba mai sallama. A nan muka tattauna zancen auren babbar 'yarmu, a nan muka shirya abin da za mu yi in maigida ya yi ritaya. Wani lokaci mu yi waƙa, wani lokaci mu yi addu'a da ido buɗe, wani lokaci mu yi shiru muna duban dawa tana fid da kai. Wannan ba ya cikin takardar lissafinmu, ba kuwa za mu iya sa masa farashi ba.

Farashin mai yana hawa yana sauka. Ko da gobe ya koma yadda yake dā, waɗannan abubuwa ba za mu mayar da su ba.

Kalma ga gidajen masu bi

Ba muna cewa kowa ya sayar da motarsa ba ne. Akwai mai nisan wurin aiki, akwai mara ƙarfi, akwai wanda hanyarsa ba ta da gefen da keke zai bi. Kowa ya san gidansa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ran 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya, amma ba sai an jira wannan rana ba. Abin da muke roƙo shi ne, miji da mata su zauna su jera tafiye-tafiyensu a takarda kamar yadda muka yi, su duba wace ziyara ce tsada ta yanke musu cikin shekarun nan. Watakila wata gwaggo ce a ƙauye, watakila wani ɗan'uwa ne da ya daina zuwa sujada ba wanda ya bi sawunsa. In akwai tsohon keke a rataye a ɗakin ajiya, a sauko da shi a kai wa mai gyara. A fara da gajeriyar hanya, da safe, kwana uku a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga dattawan ekklisiyoyi kuma, muna ba da shawara a tuna da masu bishara na ƙauyuka waɗanda ɗan abin da ake ba su ba ya isa mai. Keke ɗaya mai ƙarfi, da famfo da kayan faci, baikon Lahadi ɗaya ko biyu yana iya saye a majami'u da yawa. A tanadi wurin jingine kekuna a inuwa kusa da ƙofar majami'a, domin mai keke ya san ana marhabin da shi. Yanzu samari huɗu daga ekklisiyarmu suna bin mu zuwa ƙauyen da nasu kekunan, ɗaya daga cikinsu ɗanmu ne.

Ku riƙa tunawa da mu cikin addu'a, da dukan masu bin hanya, musamman yara 'yan makaranta da suke hawan keke a cikin gari. Ku yi addu'a domin direbobin manyan motoci, Allah ya ba su haƙuri da idon ganin ƙanana. Ku yi addu'a domin salama a ƙauyukanmu, domin tsofaffin da suke sauraron ƙarar ƙararrawa ran Lahadi kada su jira a banza. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku duka. Amin.